Farashi na Mai Kaya Ne, Mudu na Jama'a Ne

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, babu mai sayar da kaya a Jushi, ko Samaru, ko babbar kasuwar Sabon Garin Zariya, da bai tsaya a mararrabar hanya biyu ba. Ko dai ya ƙara kuɗin kayansa ya jure harara da tsaki, ko kuwa ya bar kuɗin yadda aka saba ya rage abin da yake bayarwa. Da yawa sun bi ta biyun, kuma zuciyarsu ba ta tuhume su ba. Wasu ma gani suke tausayi suka yi, tunda ba su ɗaga wa talaka farashi ba. Burodi ya ƙanƙance, ƙullin daddawa ya rame, mudu kuma ya shiga wani hali da sai mai lura ke ganewa. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wanda ya buɗe baki ya ce "kaya sun tashi, yau kaza ne" ya fi kusa da gaskiya da tsoron Allah a kan wanda ya yi murmushi ya karɓi tsohon kuɗi ya ba da sabon awo. Ragi ba ya zama alheri don kawai an rage wani abu. Ana auna shi ne da tambayar daga rabon wa aka cire, kuma shi mai rabon ya sani ko bai sani ba. Farashi haƙƙin mai kaya ne, yana iya ɗaga shi, yana iya sauke shi. Mudu kuwa ba nasa ba ne ko da shi ya saye shi da kuɗinsa a wajen maƙeri, domin sunan da ke kansa alkawari ne da dukan gari ya dogara da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan hatsi ya san yadda cinikin ke tafiya. Mace ta duƙa ta ɗebi masara a tafin hannu, ta murza, ta busa, ta ce, "Malam, nawa mudu?" Ya faɗa. Ta ce, "Haba, a yi mini ragi mana." Ya ce albarka. Ta miƙe kamar za ta tafi, ya kira ta, "Hajiya, kawo kuɗi, na sallama." Wannan ragin a gaban kowa aka yi shi, daga ribarsa ya fita, kuma shi ya yarda. Sai a zo wajen awo. Mai gaskiya zai nutsa mudun cikin tarin hatsi, ya cika shi ya yi tozo, ya kare bakinsa da hannu yadda aka saba a kasuwar, ya juye cikin buhunta, in ya ga dama ya ƙara ɗan gyara. Wani kuma mudunsa an bubbuga gindinsa da guduma ya turo ciki, ko an dasashe bakinsa kaɗan, ko yana da mudu biyu masu kama ɗaya, babba na saye daga hannun manomi, ƙarami na sayarwa. Wani mudun lafiyarsa lau, hannun ne ke da dabara: yana karkatar da shi yayin juyewa, tozon ya koma cikin tarin da ya fito. Sau da yawa abin da aka sallama da baki a wajen ciniki, shi ake maido da shi da hannu a wajen awo, har da riba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ke kallon cunkoson kasuwa, da yaro a goye, da canjin da ake ƙirgawa, ba kullum yake kama abin da ƙwararren hannu ya yi cikin ƙiftawa ɗaya ba.

Muhimmancin awo ya fi fitowa a wuri irin wannan. Sabon Gari ta tashi ne bayan layin dogo ya iso Zariya a 1911, ta tara ma'aikatan jirgi da fatake daga kudu da arewa, Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawan wasu garuruwa, mutanen da ba su haɗa kaka ba, ba su haɗa harshe ba, da yawa ba su haɗa addini ba. Samaru kuma ta girma da tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda kowace shekara take zubo sababbin baƙi cikin kasuwa. A ƙauye ana iya ciniki da sanayya, domin wanda ya cuce ka yau gobe za ku haɗu a wajen suna. A garin baƙi kuwa, abin da ya tsaya a matsayin sanayya shi ne ma'auni. Ɗaliba daga Binuwai da ba ta jin Hausa sosai tana iya sayen wake a hannun Bazazzagi ba tare da sun san juna ba, saboda su duka sun yarda mudu mudu ne.

Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi da abubuwan nan biyu a kasuwar Madina. Kaya sun yi tsada a zamaninsa, mutane suka roƙe shi ya yanke musu farashi, ya ƙi, ya nuna cewa tashi da saukar farashi a hannun Allah suke, kuma yana fatan ya koma ga Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Anas ne ya ruwaito, yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Amma shi ɗin dai bai bar awo a sake ba: ya ayyana cewa a awon mudu a bi na mutanen Madina, a na sikeli a bi na mutanen Makka. Ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya tsawatar masa don bai bar jiƙaƙƙen a sama inda mai saye zai gani ba. Sura guda, ta 83, ta ɗauki sunanta daga masu tauye awo, kuma an ruwaito daga Ibn Abbas cewa mutanen Madina suna cikin mafiya munin awo kafin saukarta, suka gyara bayanta. Labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana, a surorin A'arafi da Hudu da Shu'ara'i, kusan dukansa a kan wannan ne, kuma amsar da suka ba shi ita ce amsar ɗan kasuwar kowane zamani: ina ruwan sallarka da yadda muke juya dukiyarmu? Kuskurensu shi ne ɗaukar mudu a matsayin wani ɓangare na dukiyarsu. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari ma ba baƙin wannan hukunci ba ne. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 25 ya hana mutum ya ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, Annabi Amos kuma a sura 8 ya yi tir da masu ɗokin ranar hutu ta wuce don su ƙanƙantar da ma'auni su sayar. A wannan yanki namu ma, cikin tambayoyin da Askiya Muhammadu na Songhai ya aika wa Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15, malamin nan da ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, akwai batun algus da ha'incin awo a kasuwanni. Matsalar ta girme mu.

Mai lissafi zai ce wannan duk surutu ne. In naira dubu tana sayen cikakken mudu jiya, yau kuma ba ta saye, to ko a ƙara kuɗin ko a rage mudun, abin da zai shiga tukunya ɗaya ne. Lissafin daidai ne, amma ya manta da mutumin da ke riƙe da kuɗin. Wadda aka gaya wa sabon farashi ta san halin da take ciki. Tana iya matsawa gaba ta taya a wani wuri, tana iya sauya masara da dawa, tana iya sayen rabi ta koma gida ta gaya wa maigida cefane ya tashi. Wadda aka tauye wa mudu an ƙwace mata wannan zaɓin gaba ɗaya. Ta tafi da tunanin ta sayi abincin kwana uku, ya ƙare a na biyu da rabi, kuma zargin ba zai koma kan mai awo ba, kanta zai dawo, a ce ba ta iya tattali ba, ko a tuhumi yaron da aka aika. Sannan farashi yana da kaka da bazara. Masara kan yi tsada a tsakiyar damina, ta sauko in sabuwa ta fara shigowa daga Giwa da Soba da Makarfi, kowa yana gani yana magana. Mudun da aka bubbuga kuwa ba ya da kaka. Ba wanda zai wayi gari ya mayar da gindinsa waje don an yi yabanya mai kyau. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda yake korar masu gaskiya. Mai cikakken mudu dole kuɗinsa ya fi na maƙwabcinsa, mai saye kuma kuɗi kaɗai yake ji, sai ya tsallake shi ya tafi wurin mai araha. Kafin a jima, ko dai mai gaskiyar ya tattara buhunansa, ko shi ma ya nemi guduma.

Wannan rarrabewa ba a kasuwa kaɗai take ba, kuma a ibada ta fi fitowa sarai, domin a nan mai haƙƙin ba ya cutuwa, amma duk da haka hukuncin bai sauya ba. Direban da ya ɗauki fasinja a Kwangila zai tafi Kano yana mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Rabin salla cur ya sauke, kuma a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ya yi, matuƙar tafiyar ta kai mil 48, wajen kilomita 80 ke nan, kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Wanda zai tsaya a Giwa ba shi da wannan rangwame. Da Sayyadina Umar ya yi mamakin ci gaba da kasaru bayan tsoro ya kau, aka amsa masa cewa sadaka ce Allah ya yi wa bayinsa, su karɓa. Ga kuma wani a cikin gari, raka'o'insa huɗu cif, amma ba ya daidaita bayansa a ruku'u, goshinsa bai gama taɓa ƙasa ba ya ɗago. Abin da ya rage bai kai minti guda ba, amma hadisi ya kira shi mafi munin ɓarayi, mai satar sallarsa. Ashe ba yawan abin da aka rage ake dubawa ba. Na farko Mai haƙƙin ne ya sauke masa, da iyaka sananniya, na biyu shi ya yanka wa kansa ya kuma bar sunan yadda yake. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa kowane abu yana da cikawa yana da tauyewa, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a duba mai buga bulo da ke shimfiɗa buhun siminti ɗaya ya wuce ƙa'ida, da gidan man da litarsa ba lita ba ce, da ma'aikacin da ke fita sallar Juma'a sai Litinin a gan shi, da malamin da ke cinye rabin lokacin darasi a waya. Kowannensu ya karɓi cikakken kuɗi a kan suna, ya ba da abin da bai kai sunan ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙaramin ɗan kasuwa, kuma bai kamata a yi masa kunnen uwar shegu ba. Zai ce shi ma haka aka yi masa. Buhun da ya saro da sunan mudu kaza, da ya farke ya auna bai cika ba, a ƙasansa kuma ga tsakuwa da ƙaiƙayi. Ya biya kuɗin mota, da na dako, da la'adar dillali, da harajin rumfa. In ya faɗi gaskiyar farashi masu saye su watse. Kuma ai kowa ya sani haka ake yi, al'ada kuwa Shari'a na la'akari da ita. Akwai gaskiya a nan fiye da yadda masu wa'azi kan yarda. Ƙaramin ma'auni a kan kansa ba zunubi ba ne. Mudun wani gari ya fi na wani, tiyar Kano daban, kwanon awon wata kasuwar ƙauye daban, kuma babu laifi tunda kowa ya san abin da yake saye. Mai kasa tumatir da ta rage yawan kashi ba ta cuci kowa ba, ga shi nan a faifai ana gani. Amma hujjar "kowa ya sani" tana da gwaji mai sauƙi: in da gaske kowa ya sani, me ya hana a faɗa? Me ya sa ake bubbuga gindin mudun ta inda ba a gani, ake ɓoye na biyun a ƙarƙashin buhu? Abin da ake ɓoyewa daga mai saye ba al'ada ba ne, domin al'adar da Shari'a ke karɓa ita ce wadda ɓangarorin biyu suka ƙulla ciniki a kanta. Cutar da aka yi masa a wajen sari kuwa tana ba shi damar ya bi wanda ya cuce shi, ko ya zuba asarar cikin farashi a fili, ba ta ba shi damar ya juye ta kan bazawarar da ta zo sayen rabin mudu ba. Sai dai adalci ne a ce mai saye ma yana da nasa kason. Surar da ta yi wa masu tauyewa kashedi ta fara ne da bayyana su a matsayin masu saye, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu. Babban mutumin da ke fitowa daga mota ya matsa wa yarinya mai tallan gyaɗa lamba har ta sallama a ƙasa da yadda aka aiko ta, sannan ya nemi gyara, ya shiga babban kanti ya biya abin da aka rubuta ba tare da ya ce uffan ba, shi ma cikin ayar yake. Masu saye irinsa ne suka koya wa 'yan kasuwa cewa gaskiya a baki ba ta biya.

To, shin kowane ragi da aka yi a fili, daga haƙƙin mai yinsa, shi ke nan ya zama alheri? A nan sai an taka a hankali, domin akwai wuraren da malamai suka ja birki. Muwaɗɗa ta kawo cewa Sayyadina Umar ya iske Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa ƙasa da yadda ake sayarwa, ya umarce shi ya ɗaga kuɗin ko ya tashi daga kasuwar. Imam Shafi'i ya ruwaito cewa daga baya Umar ya koma ya gaya masa wannan ba hukunci ne mai ɗaurewa ba, ra'ayi ne da ya nufi alherin gari da shi. Ko wace riwaya aka ɗauka, damuwar a fili take: mai jari da yawa yana iya karya farashi har ƙananan abokan sana'arsa su durƙushe, fatake su daina kawo kaya, in fili ya zama nasa ya rama. Haka kuma Malikiyya sun hana mai bin bashin da lokacinsa bai yi ba ya ce wa wanda yake bi ya biya yanzu a rage masa, saboda sun ga an sanya wa lokaci kuɗi, ƙofar da riba ke shigowa ta ita, ko da yake Ibn Abbas da wasu malamai bayansa sun halatta. Alhali in bashin ya riga ya nuna, yafe wani ɓangarensa abin so ne: Manzon Allah da kansa ya yi wa Ka'abu ɗan Malik ishara ya sauke rabin abin da yake bin Ibn Abi Hadrad da ya ji muryoyinsu sun tashi a masallaci. Waɗannan misalai ba su rushe ƙa'idar ba, sun dai tilasta mu mu ƙara zura ido mu ga a kan wa asarar take sauka a ƙarshe. Yaron shagon da ke yi wa abokansa ragi daga kayan ubangidansa a fili yake yi a gaban mai saye, amma ba rabonsa ba ne. Waliyyin da ke sassauta sadaki don a yabe shi da sauƙin kai, ba tare da an tuntuɓi yarinyar ba, ya kamata ya tuna Alƙur'ani ita ya ba damar ta yafe wani abu daga ciki da daɗin ranta. Kyauta da kayan wani ba ta da wuya.

Saura kuma ragin da babu wanda ya zaɓe shi, wanda ƙaranci ya kawo. Ilimin rabon gado yana da darasi a nan da ban ga ana kawo shi cikin zancen tsadar rayuwa ba. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da kashi biyu cikin uku. In an haɗa, uku cikin shida da huɗu cikin shida, bakwai ke nan cikin shida: haƙƙoƙin sun fi dukiyar. A zamanin Sayyadina Umar aka yanke cewa ba za a cika wa ɗaya a bar ɗaya da saura ba, sai a raba dukiyar gida bakwai, miji ya ɗauki uku, su ɗauki huɗu, kowa ya ragu gwargwadon rabonsa. Wannan shi ake kira auli. Ibn Abbas ya saɓa, amma mazhabobi huɗu a kan hukuncin Umar suka tafi. Haka fikihun Malikiyya ya yi da wanda ya sayi 'ya'yan itace a kan bishiya annoba ta faɗa musu: in ɓarnar ta kai sulusi, ana sauke masa kuɗin gwargwadon abin da ya lalace, ba a bar shi ya ɗauka shi kaɗai ba. Haka zakkar hatsi: wanda ruwan sama ya shayar masa yana fitar da ɗaya cikin goma, mai noman rani a bakin kogin Galma da ke sayen mai yana zuba wa injin ban-ruwa ɗaya cikin ashirin. A duk waɗannan an yarda ragi ya zama dole, amma an ƙirga shi, an faɗe shi, an raba shi. Tauye mudu akasin haka yake yi, yana tattara dukan ƙarancin ya ɗora wa na ƙarshe a layi, wanda ba shi da wani a ƙasansa da zai miƙa wa.

Wuri mafi wuya shi ne kuɗin kansa, domin naira ma ma'auni ce, kuma ita ce aka fi tauyewa. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023, ta haura 1,400 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a watan Yunin 2024, mafi ƙarancin albashi kuwa yana nan a naira 30,000 tun 2019, sai a watan Yulin 2024 aka kai shi 70,000. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa kuɗin buhu goma na masara, aka maido masa da adadin nan daidai bayan shekara biyu, an biya shi a suna, an tauye shi a zahiri. Majalisar fikihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta tsaya a kan cewa ana biyan bashi da irin adadinsa, ba da ƙimarsa ba, don gudun riba. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ga a biya ƙima in darajar ƙananan kuɗi ta sauya, Rahuni kuma cikin Malikiyya ya karkata ga haka in sauyin ya yi tsanani ƙwarai. Ni hankalina ya fi kwanciya da cewa alƙali ya tsaya a kan adadi, amma wanda ya ci bashin, in yana da hali, kada ya fake da hukuncin alƙali. Ƙarin da ba a shardanta ba wajen biya sunna ne, Manzon Allah ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Gwamnati kuma, wadda ita ke riƙe da wannan babban mudun, ba ta da bakin yi wa mai awon Samaru wa'azi in tana biyan ma'aikaci da tsoho ɗan fansho da adadin da ta san ya rame.

Doka ba ita ta yi ƙaranci ba. Najeriya tana da dokar awo da ma'auni tun 1974, da sashen da ke kula da ita a ma'aikatar ciniki ta tarayya, sai dai jami'insa da wuya ya leƙa layin 'yan hatsi. Wanda zai iya shi ne sarkin kasuwa da shugabannin 'yan awo, waɗanda suka san kowace rumfa da mai ita. Musulmin ƙasar nan sun riga sun nuna suna iya tsare ma'auni in sun ɗauke shi da muhimmanci. An ce da Abu Yusuf ya yi jayayya da Imam Malik a kan girman sa'i, mutanen Madina suka fito da nasu da suka gada daga iyaye da kakanni, ya gani ya janye. Har yau a gidaje da yawa na Zazzau akwai mudannabi da ake ajiyewa don zakkar fid da kai, huɗu ga kowane mutum, kuma ba a jin wanda ya kai shi wurin maƙeri a bubbuga. Abin da ake bukata a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru bai wuce haka ba: mudu ɗaya mai hatimi a ofishin kasuwa, wanda kowace mai saye za ta iya juye awonta ciki ba tare da an ce ta zo neman rigima ba, kuma wanda aka kama da mudu biyu a hana shi awo na wani lokaci. Wanda yake ganin masu sayensa ba za su iya kuɗin cikakken mudu ba, ya samo ƙaramin kwano, ya kira shi da sunansa, ya sa masa kuɗinsa. Masu sayar da shinkafa da gwangwanin madara sun daɗe suna yin haka, kuma babu malamin da ya taɓa cewa sun yi laifi.